Ranar da Injiniya Ya Zuba wa Dandamali Mai

Bango ɗaya ne ya raba ɗakina da na Injiniya a kwatas ɗin ma'aikatan masaƙa, bangon ma irin wanda in maƙwabcinka ya yi tari sai ka yi masa sannu daga kan gadonka. Don haka duk wanda zai ba ku labarinsa in ba ni ba, a bakin mutane ya tsinta. Kuma bari in faɗa tun yanzu, ba injiniya ba ne. Babu makarantar da ta ba shi sunan. Shi ya raɗa wa kansa, ya daina amsa na gaskiyar har muka manta da shi.

Aikinsa a masaƙa zuba wa injuna mai. Tun yana saurayi har furfura ta fara leƙo masa, yana yawo tsakanin injunan saƙa da gwangwani mai dogon baki a hannu da baƙin tsumma a kafaɗa. Duk iliminsa bai wuce magana ɗaya ba, kullum kuma sai ya jiƙa mana kunne da ita: "In ka ji abu yana ƙara, ƙishirwa yake ji. Ba shi mai ya yi shiru." A kan tsofaffin injunanmu maganar tana ci, don su kam ba sa ƙoshi. Abin da ya sa ke nan ya ɗauka duk duniya haka take.

Ana nan sai kamfani ya sayo sababbin injuna masu aiki da kwamfuta. Manaja ya ce za a rage ma'aikata. Ciyaman ɗin ƙungiyarmu ya hau kan tebur ya ce sai dai a bi ta kan gawarsa. Aka shiga yajin aiki, aka yi zage-zage, har Manaja da Ciyaman suka daina gaisawa. In sun haɗu a matakala, kowa sai ya sami abin kallo a jikin bangon da ke ɓangarensa. Da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, gwamnati ta shiga tsakani, ta ce ita za ta ɗauki nauyin sake horar da mu a kan sababbin injunan. Sharaɗin a fili yake: wanda ya kammala horo ya karɓi takardar shaida zai koma bakin aiki, ya ci gaba da zama a kwatas. Wanda bai samu ba ya miƙa makulli.

Hankalin kowa ya tashi. Ciki da falo ne kawai, rufin ma yana yoyo, amma a nan muka haifi 'ya'yanmu, kuma a cikin birnin nan babu mai ba ka ko kango don Allah. Injiniya shi kaɗai ne ko a jikinsa. Ranar da aka yi sanarwar ina jin sa ta bango yana yi wa matarsa bayani. Ita tela ce, kekenta ne ya riƙe gidan duk tsawon yajin aikin.

"Madam, fara ɗaure kaya."

Keken ya tsaya cak. "Korar mu aka yi?"

"Kora? Wa zai kore ni? Gidan shugaban sashe za mu koma, na sama mai baranda. Sababbin injuna suna buƙatar shugaba. In ba ni ba, wa?"

"Malam, an ce horo za a yi muku."

"Za a yi musu dai. Ni zan je ne in ga ko masu koyarwar sun iya."

"To Allah ya sa su iya," ta ce, ta ci gaba da taka kekenta.

Cibiyar horon wani tsohon ofishi ne da gwamnati ta shafa wa fenti, ta jera kwamfutoci, ta girke samfurin sabon inji guda a tsakiya. Mai koyar da mu wata matashiya ce mai haƙurin gaske, Malama muke ce mata. Ranar farko ta dafa injin ta ce, "Abu na farko da nake so ku riƙe, injin nan a rufe yake ruf. Ba ya shan mai. Waɗanda suka ƙera shi sun sa masa abin da zai ishe shi. Naku kawai ku karanta abin da gilashin nan ya nuna, ku danna abin da ya ce ku danna."

Injiniya ya ɗaga hannu, bai kuma jira an ba shi izini ba.

"'Yata, wa ya gaya miki ba ya shan mai?"

"Masu injin, Baba."

"Sun taɓa jin inji yana kuka?"

"Wannan ba ya kuka."

"Baƙo ne, kunya yake ji. Bari ya saba da mu ki ji."

Aji ya kwashe da dariya. Shi kuwa ya juyo yana gyaɗa mana kai, a zatonsa Malama muke yi wa.

Tunda an hana shi taɓa injin, sai ya baza kunne yana neman wani mai ƙishirwar. Kujerar Malama mai juyawa ce, tana ɗan yin ƙiii in ta motsa. Da aka fita hutun cin abinci ya tsaya a baya ya yi mata magani. Malama ta dawo ta zauna, ta ɗan juya za ta nuna allo, kujera ta wuce allon, ta wuce taga, ta dawo da ita gabanmu, ta sake tafiya da ita. Tana cikin zagayen kuma kujerar ta fara sauka a hankali, har ya zama ɗankwalinta kawai muke hange a bayan tebur.

"Wa ya ji ƙara?" Injiniya ya tambayi aji.

Kowa ya kife kai a kan benci yana ƙyaƙyata dariya.

"To kun gani," ya ce.

Bayan kujera sai na'urar buga takardu. Ita ma ya ce muryarta ba ta yi masa ba. Takardun darasin makon nan gaba ɗaya suka fito sharkaf, in ka ɗaga ɗaya kana hango fuskar na gabanka ta ciki. Malama ta kira shi gefe ta yi masa magana ta hankali. Ya saurare ta da kyau, sannan ya ce kada ta damu da godiya, shi don Allah yake yi.

Da cibiya ta yi masa ƙunci, sai ya dawo da aikin kwatas. Matarsa ta tafi kasuwa sayen zare, ta bar farin yadin wata mata a kan keke. Kafin ta dawo ya ɗura wa keken giris, irin baƙin nan mai kauri da ake cusa wa manyan injuna. Ta zauna ta taka, allura ta ja baƙin layi tun daga wuyan riga har ƙasa.

"Malam! Me ka yi wa kekena?"

"Kin ji yadda yake gudu kuwa? Ko numfashi ba ya yi."

"Dubi rigar mutane!"

Ya duƙa ya duba. "Ai ado ne. Ki yi wani layin a ɗaya gefen su daidaita."

Abin da ta jefe shi da shi ban gani ba, amma na ji saukarsa a jikin bangona.

Ni ma ban tsira ba. Fankar silin ɗina tana ɗan ƙyas-ƙyas, ni kuma na saba da abina, ita ke sa ni barcin rana. Ina wurin wanka ya shigo ya ce wa iyalina ni na aiko shi. Na dawo na sa farar riga, na miƙe a kan gado, na kunna fanka. Wallahi ɗakin nan kaf, bango da labule da ni kaina, babu inda ba ta yi wa ɗige-ɗige ba. Na fito tsakar kwatas ina huci.

"Injiniya! Uban wa ya sa ka?"

Ya dube ni sama da ƙasa. "Maƙwabci, ƙyanda ce ta fito maka da girmanka?"

"Fankata ce!"

"Tana ƙara?"

"Ba ta yi, amma..."

"To me ya kawo faɗa? Mutum ya yi maka aikin da ko a ƙasar waje sai an yi layi, ko sannu babu."

Wanda ya fi shan wuya shi ne tsohon mai gadin kwatas. Birkin kekensa na hawa yana ihu tun daga nesa, har yara sun san isowarsa da shi. Injiniya ya tausaya masa ya shafe birkin da mai. Washegari tsoho ya gangaro daga kan tudu, ya matse birki, keke ya ce bai san zancen ba. Ya wuce ƙofar da yake gadi yana salati, ya shige teburin mai tumatir. Muka ruga muka zaro shi jajawur. Allah ya taƙaita, ba jini ba ne. Mai tumatir ta biyo sawu har ƙofar Injiniya tana zazzaga masifa, shi kuwa ya tsaya yana yi mata bayanin cewa laifin tudun ne, gwamnati ya kamata ta baje shi.

Ƙorafi ya yi yawa har ya kai ofis. Manaja ya ce a cire sunansa daga horon, ya tattara ya bar kwatas. Da Manaja ya yi shiru, na rantse da ƙungiya da kanta za ta kore shi, don shi ma Ciyaman ya taɓa zamewa a ƙofar ofishinsa bayan Injiniya ya gyara masa ita. Amma tunda daga bakin Manaja maganar ta fito, sai Ciyaman ya buga tebur.

"Babu inda za shi! Gogaggen ma'aikaci ne! In aka taɓa shi, an taɓa mu duka!"

Haka aka yi ta yi. Duk ɓarnar da ya yi, Manaja ya ce a kore shi, Ciyaman ya ce sai dai a mutu. Kowa a kwatas ya gane abin da ke riƙe da Injiniya, ban da Injiniya. Shi abin da ya fahimta shi ne manya biyu suna rigima a kan wanda zai mallake shi.

"Abin yana damuna," na ji yana gaya wa matarsa. "Mutane biyu masu iyali suna gaba saboda ni. Dole in sasanta su."

"Malam, don girman Allah ka bar su," ta ce. Muryarta ta sauka, babu faɗa a cikinta. "Gabar mutanen nan ita ce rufin ɗakinmu. Ranar da suka shirya, a titi za mu kwana. Kai dai ka lallaɓa ka karɓo takardar nan."

"Madam, ba ki san siyasar ma'aikata ba."

"Na san ta miji."

Horo ya zo ƙarshe. Gwamnati ta shirya gagarumin taro: a raba mana takardun shaida, a ƙaddamar da sabon inji, sannan Manaja da Ciyaman su sa hannu a yarjejeniyar zaman lafiya a gaban Darakta daga ma'aikatar ƙwadago. Sai da aka yi zama a kan zama kafin su yarda su hau dandamali ɗaya. Aka daidaita cewa Darakta zai zauna a tsakiya, kowa ya zo da bironsa, kuma babu musabaha. Ciyaman ya ce in hannunsa ya taɓa na Manaja a yanke shi. Manaja ya ce shi zai biya kuɗin wuƙar.

Malama, Allah ya saka mata, ta sa sunan Injiniya cikin masu karɓar takarda, don ta san yana da yara. Amma sai da ta ƙwace gwangwanin ta kulle a durowa.

"Baba, abu ɗaya nake roƙonka. Gobe ka zauna a kujera, ka ɗora hannuwanka a kan gwiwa. In an kira ka, ka tashi ka karɓa ka koma. Shi ke nan ka tsira da aikinka da ɗakinka."

"'Yata, ƙaramin aiki ne."

Da sassafe na gan shi zai fita, ya ci kwalliya, ga wata babbar robar ruwa a hammata da wani abu baƙi a ciki.

"Injiniya, mene ne wannan?"

"Shayi."

"Shayi da kauri haka?"

"Na manya ne."

A ɗakin lodi aka shirya taron, don ya fi ko'ina girma a masaƙa. Duk wanda ya yi aiki a wurin ya san abu biyu. Na farko, daɓen ɗakin a ɗan gangare yake zuwa babbar ƙofa, don a ji daɗin tura kaya zuwa bakin mota. Na biyu, ba mu da dandamali. In za a yi taro, kurayen ɗaukar dilolin yadi ake jerawa, masu faɗin nan da ƙafafun ƙarfe, a ɗaure su da juna, a taka musu birki, a shimfiɗa kafet a kai. Injiniya ya fi kowa sanin wannan. Amma da ya shigo ya tarar masu shara sun gama sun fita, ya hau dandamalin ya ji ƙafafun suna ƙiii, sai zuciyarsa ta karye. Yaya za a yi sulhu a kan abu mai kuka? Ya bi ƙafafun ɗaya bayan ɗaya har da birkinsu. Ya ji sandar makirfo tana ƙara in an ɗaga ta, ya ba ta. Almakashin yanke ƙyalle ya ɗan cije, ya ba shi. Daga ƙarshe ya tsaya a gaban sabon injin da aka yi wa ado da balan-balan, ya kara kunne, ya ɗaga wani murfi a gefe, ya juye masa duk abin da ya rage.

Duk wannan daga bakinsa muka ji, don mutumin ba ya iya yin abu ya yi shiru. Muna zaune a layin gaba, manyan baƙi suna hawa dandamali cikin fararen kaya, ya zungure ni.

"Maƙwabci, ka ji ƙara?"

Na juyo na dube shi. "Me ka yi?"

"Saurara dai. Mutum nawa suka hau, ko ƙis." Ya juya ga na bayanmu, ya ɗaga murya yadda har 'yan jarida za su ji. "Duk abin da kuka gani a wurin nan yau, aikina ne. Ku riƙe sunan, Injiniya. Kada gobe wani ya ce shi ya yi."

Na nemi Malama da ido, amma an riga an fara.

Darakta ya miƙe, dogon mutum mai tumbi, ya ɗaga makirfo daidai bakinsa. "Ya ku 'yan'uwana ma'aikata, wannan gwamnati mai ɗaga darajar ma'aikaci..." Makirfo ya fara sauka. Ya bi shi da kai. "...mai ɗaga darajar ma'aikaci sama..." Makirfo ya kai ƙirjinsa. Ya janyo shi sama ya ɗaure, ya sake zamewa. Darakta mutum ne da ba ya barin jawabi a tsakiya, don haka ya yi ta binsa, daga sunkuyo zuwa ruku'u, har ya ƙarasa maganar ci gaban ƙasa a tsugune. Muka tafa masa sosai, don ya sha aiki.

Aka zo yanke ƙyalle. Wata ma'aikaciya ta miƙo almakashi a kan faranti. Darakta ya ɗauka, ya kuɓuce. Manaja ya cafe, ya yi tsalle daga hannunsa. Ya faɗi a gaban Ciyaman, shi kuwa ya ce ba zai taɓa abin da Manaja ya taɓa ba. Daga ƙarshe Darakta ya ɗaga ƙyallen da hannu ya ce a ɗauka an yanka.

"Ka ga laushin almakashi?" Injiniya ya raɗa mini.

"Ka yi shiru, don Allah."

Sai aka ce Darakta ya danna koren maɓalli. Injin yana dab da dandamali, don haka duk manyan suka matso baki suna murmushi saboda masu hoto. Ya danna. Inji ya ɗauka shiru, gwanin sha'awa. Can sai bel ɗinsa ya fara santsi, ya yi wani irin fito, gilashin ya cika da jan rubutu. Malama ta taso da gudu tana cewa a kashe. Kafin ta iso, injin ya yi tari sau ɗaya, ya feso duk shayin Injiniya a kan fararen kayan manyan baƙi.

Suka ja da baya gaba ɗaya, lokaci guda. Abin da dandamali yake jira ke nan.

Da farko a hankali ya fara tafiya, har Darakta ya ɗauka jiri ne yake ɗibarsa. Sai muka ga tebur da tutoci da kujeru da manyan baƙi suna wucewa ta gabanmu, kuma gaskiyar Injiniya, ko ƙis ba ka ji. Wani ɗan sanda ya taka birki, birki ya lotsa kamar ya taka ayaba. Gangaren ya karɓe su. Darakta ya rungume tuta. Manaja ya yi taga-taga zai faɗo, ya miƙa hannu ya cafki abin da ya fi kusa da shi, ashe wuyan Ciyaman ne. Ciyaman ya ƙanƙame shi da hannu biyu, ya kifa kai a kafaɗarsa, ya rufe ido yana kiran sunan Allah. Daidai nan mai hoto ya ɗauka.

"Ku ba ni wuri! Ni na san lagonsa!" Injiniya ya yi tsalle ya bi su. Taku kaɗan ya yi ya hau kan man da ya ɗiga a daɓe. Ƙafafunsa suka yi sama, ya sauka a kan bayansa, ya bi gangaren a kwance har ya wuce dandamalin, ya riga shi fita.

A bakin ƙofar lodi akwai tulin ɓurɓushin auduga da ake tarawa kafin mota ta kwashe. Nan Injiniya ya nutse, nan dandamali ya zo ya juye manyan baƙi a kansa. Auduga ta tashi sama ta rufe wurin. Da ta lafa sai ga su suna fitowa ɗaya-ɗaya, mai ya kama auduga, kowa ya yi buzu-buzu kamar kazar da aka fara figa aka fasa. Babu wanda ya karye, sai dai girma ya zube. Ma'aikata suna ta faɗuwa a kan juna don dariya, tsohon mai gadi har da hawaye.

Darakta ya tofar da auduga. "Wane ne ya yi wannan?"

Ɗakin gaba ɗaya, har 'yan jarida, hannu kawai suka miƙa wajen tulin audugar. Injiniya ya leƙo da kai daga cikin tulin.

"Ranka ya daɗe, kafin a yi maganar gangare, ina so a shaida cewa babu wanda ya ji ƙara."

Manaja yana zaune dirshan a ƙasa, Ciyaman yana gefensa, har yanzu hannunsa yana riƙe da gefen rigar Manaja. Suka dubi juna.

"Ciyaman," in ji Manaja, "mutumin nan..."

"Ranka ya daɗe, kada ka wahalar da bakinka. Ƙungiya ta amince."

"Yau ɗin nan?"

"Da jiya ne ma ya fi."

"Birona ya faɗi."

"Ga nawa, ranka ya daɗe."

Da biro ɗaya suka sa hannu a yarjejeniyar, a kan bayan wani ɗan sanda, da shi kuma suka soke sunan Injiniya. Ciyaman ya cire wa Manaja auduga daga kunne, Manaja ya ce su tafi a motarsa. Malama ta yi ta roƙo a bar masa ko ɗakin ne, babu wanda ya saurare ta. Mu sauran aka raba mana takardunmu a tsaitsaye, kowace da shatin babban yatsan Darakta baƙi ƙirin.

Washegari hoton ya fito a jarida: Manaja da Ciyaman rungume da juna, ido a rufe, Darakta a bayansu ya ƙanƙame tuta. Auduga ba ta riga ta shiga ba, man kuma aka ce inuwa ce. Ma'aikatar ƙwadago ta ba da sanarwar cewa shirinta ya haifar da fahimtar juna irin wadda ba a taɓa gani ba tsakanin ma'aikata da masu kamfani. Aka ƙara wa Darakta girma. Kamfani ya sa aka buga hoton ƙato, aka kafa shi a bakin babbar ƙofa.

Ranar da za su tashi, kwatas ta yi tsit. Duk wanda ya taɓa zagin Injiniya ya fito taya shi ɗaukar kaya, har mai tumatir. Ni na kama masa gado muka ɗora a kan amalanke, kuma ba zan ɓoye muku ba, raina ya ɓaci ƙwarai. Mutumin ya ɓata mini ɗaki, ya kusa kashe tsoho, amma bai taɓa yin ɗaya da mugunta ba, kuma yaransa ba su zuba wa kowa mai ba. Matarsa ba ta yi kuka ba, ba ta yi faɗa ba. Ta naɗe kan kekenta a zane ta ɗora a ka, ta miƙa wa mai gadi makulli da hannunta, ta sa yaran a gaba.

Na raka su har bakin babbar ƙofa. Nan Injiniya ya tsayar da amalanke, ya ja da baya, ya riƙe ƙugu yana kallon hoton.

"Maƙwabci, dubi nan. Gwamnati ta yi ta fama, ƙungiya ta yi ta fama, an kasa. Wa ya haɗa su? Madam, ɗago kai ki gani. Aikin mijinki ne wancan."

Ta ɗago da keken a kanta, ta dubi hoton har ta ƙoshi.

"Na gani, Malam, ya yi kyau. To tambaye su ko akwai ɗaki a cikin hoton, yara su kwana."

Ya dube ni, na dubi ƙasa. Sai ya kama hannun amalanken ya tura, ita da yaran suka bi bayansa.